Daga Filin Wasa Zuwa Shafin Soyayya: Yadda Matan Japan Suka Karɓe Labarin Abokan Hamayya

A ranar 24 ga Maris, 1970, ɗaruruwan mutane suka cika zauren taro na kamfanin ɗab'i na Kodansha da ke Tokyo domin jana'izar wani ɗan dambe mai suna Rikiishi Toru. An kafa dandalin dambe a cikin zauren, an gayyato malamin addinin Buddha, kuma fitaccen marubucin wasan kwaikwayo Terayama Shuji na cikin waɗanda suka shirya taron. Gawa ce kawai babu, domin Rikiishi bai taɓa taka ƙasa ba. Mutum ne na zane a cikin Ashita no Joe, labarin da Chiba Tetsuya ya zana a mujallar Shonen Magazine daga 1968 zuwa 1973. A cikin labarin, Rikiishi ya horar da jikinsa da yunwa da ƙishirwa don ya rage nauyi, ya sauko ajin abokin karawarsa Joe. Ya ci damben, sai ya faɗi daidai lokacin da za su yi musabaha, bai sake tashi ba.

Abin lura shi ne wanda Rikiishi ya sadaukar wa ransa. Bai yi don kuɗi ba, bai yi don budurwa ba. Ya yi ne don ya tsaya gaban mutum guda wanda ya ɗauka tsaransa ne. A kan wannan tubali masu zanen manga, wato labaran zane na Japan, na yara maza suka yi shekara hamsin suna gini: mutumin da ya fi kowa muhimmanci a rayuwar jarumi shi ne wanda yake son kayarwa. Bahaushe ba baƙo ba ne a nan, domin duk wanda ya taɓa jin waƙar Ɗan Anace ya san sunan Shago ba ya cika sai an ambaci Ɗandunawa.

A yau, a manyan shagunan littattafai na Japan akwai kanta guda da aka ware wa wani nau'in manga da ake kira BL, wato labaran soyayya tsakanin maza biyu. Cikin rassansa akwai wanda jaruman nasa ɗaliban sakandare ne 'yan wasa, ko dai suna ƙungiyoyi biyu masu gaba, ko suna ƙungiya ɗaya amma suna takarar gurbi guda. Mai kallo daga nesa zai zaci maza masu neman jinsi ne suka ƙirƙiro shi don kansu. Tarihi ya nuna akasin haka. Mata ne suka ƙirƙiro shi, mata ne mafi yawan masu zana shi, mata ne mafi yawan masu saye. Tambayar da ta cancanci sharhi ita ce: me 'yan matan Japan suka gani a filin ƙwallon maza da suka rasa a labaran soyayyar da aka tanadar musu?

Amsar ta fara daga makaranta. A Japan, wasan makaranta abu ne da ke cinye rayuwar ɗalibi. Ƙungiyoyin bayan darasi, waɗanda ake kira bukatsu, suna atisaye kusan kullum, har da ƙarshen mako da lokacin hutu, kuma akwai tsattsauran tsari na girmama na gaba. Ƙololuwar abin ita ce gasar besbol ta ƙasa da ake yi kowane watan Agusta a filin Koshien da ke Nishinomiya, gasar da ta samo asali tun 1915. Makarantu 49 ne ke zuwa, bayan dubbai sun faɗi a matakin lardi, kuma tashar NHK na nuna wasannin kai tsaye. Sau ɗaya ake rashin nasara, ba a ba da dama ta biyu. Yaran da aka cire sukan durƙusa suna kuka suna kwasar ƙasar filin a cikin jaka don su tafi da ita gida, kuma ga ɗan ajin ƙarshe wannan rana ita ce ƙarshen wasansa a makaranta.

A 2006, wasan ƙarshe ya haɗa Saito Yuki na makarantar Waseda Jitsugyo da Tanaka Masahiro na Komadai Tomakomai, dukkansu masu jifa. Aka yi zagaye 15 ana 1-1, dole aka sake karawa washegari. Waseda ta ci 4-3, kuma mutumin ƙarshe da ya tsaya da sanda gaban Saito shi ne Tanaka da kansa, ya kai duka ya kuskure. Saito ya jefa ƙwallo 948 a wannan gasa. Tanaka ya je ya yi suna a ƙungiyar New York Yankees ta Amurka, Saito kuwa raunuka suka dabaibaye shi har ya ajiye wasa a 2021, amma har gobe idan aka ambaci ɗaya a Japan sai an tuna ɗayan. Marubucin da ke neman labari ba ya buƙatar ƙara gishiri a kan wannan. Ga samari biyu da suka san ƙarfin juna fiye da yadda iyayensu suka sani, ga wa'adi na shekara uku, ga rabuwa da ba makawa.

Mujallar da ta fi kowace cin moriyar wannan ita ce Shonen Jump ta kamfanin Shueisha, wadda aka san ta da ginshiƙai uku: abota, ƙoƙari, nasara. A 1995 ta kai kwafi miliyan 6.53 a fitowa guda. A cikinta ne Takahashi Yoichi ya fara Captain Tsubasa a 1981, bayan gasar cin kofin duniya ta 1978 a Ajantina ta sa masa son ƙwallon ƙafa. Masu karatu da dama sun san wannan labari ko da ba su san sunansa na asali ba. Wanda ya tashi yana kallon tashoshin Larabci, a Sudan ko Chadi ko Kano, ya san shi da Kaftin Majid. Wanda ya kalli na Faransanci a Nijar ko Kamaru ya san shi da Olive et Tom. Kuma duk wanda ya kalla ba zai manta da Hyuga ba, wanda Larabawa suka kira Bassam: maraya mai naɗe hannun riga, mai rabon jarida don ya taimaki mahaifiyarsa da ƙannensa, mai bugun da ke tafiya da mai tsaron gida har cikin raga.

A labarin nan duk wani motsin zuciya tsakanin maza yake. Su ke yi wa juna alkawari, su ke kuka don juna, su ke kwana suna tunanin yadda za su wuce juna. Yarinya tana can kan benci tana kaɗa tuta.

Kafin wannan lokaci, mata masu zane sun riga sun buɗe wata ƙofa. A shekarun 1970, Hagio Moto da Takemiya Keiko sun fitar da labaran shaƙuwa tsakanin samari a mujallun 'yan mata, amma sun kai su nesa, makarantun kwana na Jamus da Faransa, inda komai ke kama da mafarki. A 1978 aka kafa mujallar June don irin waɗannan labarai. A gefe guda kuma, a watan Disamba na 1975 aka buɗe wata 'yar kasuwa a Tokyo mai suna Comiket, inda masu sha'awar zane ke sayar da ƙananan littattafan da suka buga da kuɗinsu, waɗanda ake kira dojinshi. Rukuni 32 ne suka baje kaya a karon farko, mahalarta kimanin 700. A tsakiyar shekarun 1980 koguna biyun suka haɗu. 'Yan mata suka ɗauki 'yan wasan Captain Tsubasa, musamman Hyuga da mai tsaron gidansa Wakashimazu, suka riƙa zana musu labaran da Takahashi bai taɓa zanawa ba, kuma kasuwar ta kumbura da su.

Daga cikin waɗannan 'yan mata aka samu ƙwararru. Ozaki Minami ta sauya wa jarumanta suna da kama, ta fitar da Zetsuai 1989 a mujallar Margaret, labarin wani mawaƙi da ya kamu da son ɗan ƙwallo. Rukunin CLAMP, mata da suka zama cikin manyan masu zanen Japan, daga dojinshi suka fara. Da Slam Dunk, labarin ƙwallon kwando na Inoue Takehiko, ya zo, daga 1990 zuwa 1996, da Sakuragi mai baki da Rukawa mai shiru waɗanda suke ƙungiya ɗaya amma ba sa ga maciji, sai aka sake sabon zagaye. Yoshinaga Fumi, wadda ta ci lambar Tezuka Osamu a 2009 da labarinta na tarihi Ooku, ta yi shekaru tana zana dojinshi a kan 'yan wasan Slam Dunk. A cikin shekarun 1990 kamfanoni suka ga akwai kasuwa, suka kafa mujallu na musamman, sunan BL ya kafu. Daga nan aka samu labarai masu zaman kansu da ke faruwa a ƙungiyoyin makaranta, irin su Rin! da Seven Days, waɗanda jarumansu 'yan ƙungiyar harbin kibiya ne.

To, me ya ja su? Masana irin su Fujimoto Yukari ta Jami'ar Meiji sun daɗe suna nuna cewa wannan adabi mafaka ce daga matsayin da al'umma ta yanka wa mace. A labarin soyayya na gargajiya, yarinya jira take a zaɓe ta, kyanta da haƙurinta su ne jarinta, ƙarshenta kuma aure da ajiye buri. Mai karatu da ta gaji da wannan ba ta da inda za ta sa kanta. Amma idan duka jaruman maza ne, babu wanda aka haifa don ya bi. Idan kuma aka ce abokan hamayya ne, an ƙara wani abu da ya fi daraja: kowannensu ya san ƙimar ɗan'uwansa ta hanyar aiki. An gwada su a fili, alƙalin wasa ya busa, allo ya nuna sakamako. Girmamawar da ke tsakaninsu da gumi aka saye ta. A ganin mai wannan sharhi, wannan ne ainihin abin da ake sayarwa a kantar, wato mafarkin a so mutum saboda abin da ya iya, daga wanda ya isa ya auna iyawar.

Za a iya cewa ai 'yan mata ma suna da nasu labaran wasa, kuma gaskiya ne. Bayan matan Japan sun ci zinare a ƙwallon raga a gasar Olamfik ta Tokyo a 1964, an samu Attack No. 1 na Urano Chikako a 1968, sannan Ace o Nerae! na Yamamoto Sumika a 1973, dukkansu da jarumai mata da abokan hamayya mata. Sai dai a na biyun, koci namiji ne ke riƙe da linzamin rayuwar jarumar, kuma soyayya abu ne da ake jinkirtawa don kada ya ɓata wasa. Burinta daban, masoyinta daban. A labarin abokan hamayya maza biyu kuwa, burin da masoyin sun zama mutum guda, ba a buƙatar zaɓe.

Akwai rauni a wannan hujja, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Littattafan BL da yawa, da zarar soyayya ta fara, sai su raba jaruman gida biyu, mai ja da mai bi, su maido da tsarin da aka ce an guje masa. Waɗanda suka fi inganci su ne waɗanda suka bar hamayyar da rai har shafin ƙarshe, inda babu wanda ya sassauta wa ɗan'uwansa a fili don yana sonsa.

Manyan kamfanoni sun san duk abin da ke faruwa, sun kuma kawar da kai. Bisa doka, zana jaruman wani ba da izini ba keta haƙƙin mallaka ne, amma a al'adance sai mai haƙƙin ya kai ƙara ake hukunci, kuma da wuya su kai. A 2016, lokacin muhawarar yarjejeniyar kasuwanci ta TPP, Firaminista Abe Shinzo da kansa ya faɗa a majalisa cewa dojinshi ba ya gogayya da littafin asali a kasuwa. Lissafin a bayyane yake: yarinyar da ke zana dojinshi ita ce ke sayen kowane juzu'i, da faifai, da tikitin wasan dandamali. Tun 2003 ake mayar da labarin tanis na Konomi Takeshi wasan waƙe a dandamali, kuma mata ne ke cika kujerun. A unguwar Ikebukuro akwai layin shaguna da aka san shi da su. Girman abin ya fito fili a 2012, lokacin da wani mutum ya riƙa aika wasiƙun barazana ga duk inda ake harkar Kuroko no Basuke, labarin ƙwallon kwando na Fujimaki Tadatoshi. Masu shirya Comiket suka hana baje kayan wannan labari a watan Disamba na shekarar, rukuni kusan 900 suka rasa teburansu, a kan labari guda. An kama mutumin a ƙarshen 2013. A Disamban 2019 kuwa, mahalarta Comiket sun kai 750,000 cikin kwana huɗu.

Suka ba daga waje kaɗai take zuwa ba. A 1992, Sato Masaki, wani ɗan fafutuka mai neman jinsi, ya rubuta a wata ƙaramar mujallar mata mai suna Choisir cewa waɗannan labarai sun mayar da irinsa kayan wasan mata, kyawawan samari marasa matsalar haya, ko iyaye, ko tsangwama. Muhawarar ta ɗauki shekaru, kuma ta tabbatar da abin da aka faɗa a sama: adabin bai taso daga rayuwar waɗanda yake zanawa ba. Har yanzu dokar ƙasar Japan ba ta amince da auren jinsi ba, duk da cunkoson kantar.

Suka ta biyu ta fi nauyi, kuma ba ta buƙatar doguwar muhawara. Jaruman nan ɗalibai ne. Wasu littattafan ba su wuce kallo da bugun zuciya ba, wasu kuma sun tsallaka zuwa batsa, kuma batsa da yaran makaranta ɓarna ce ko wane jinsi aka zana, ko wace hujjar adabi aka kawo. Japan ta yi ta kai-kawo a kan wannan. A 2008 ɗakunan karatu na birnin Sakai sun janye littattafan BL kusan 5,500 daga kanta bayan ƙorafi, sannan suka ja da baya da aka yi musu ca. A Disamban 2010 majalisar Tokyo ta tsaurara dokar kare matasa daga littattafai masu cutarwa, manyan kamfanonin ɗab'i suka yi bore har da ƙaurace wa bikin zane na birnin. Dokar ta taƙaita sayarwa ga yara a shago, amma intanet ba ta san kanta ba.

Akwai asara ta uku da ba a cika ambata ba, ita ce ta fi damun mai wannan shafi. Idan ido ya saba karanta kowace shaƙuwa tsakanin maza biyu a matsayin soyayyar da ba a furta ba, to abota ta rasa gurbinta. Furudate Haruichi ya yi shekara takwas, daga 2012 zuwa 2020, yana zana Haikyu!! a juzu'i 45: Hinata gajere mai tsalle da Kageyama mai ɗaga ƙwallo, waɗanda suka fara da gaba a ƙaramar sakandare suka tsinci kansu ƙungiya ɗaya. Babu soyayya ko ta layi guda tsakaninsu. Abin da ke ciki shi ne yadda mutum ke koyon dogara da wanda ba ya ƙauna, har ya wayi gari ba ya iya wasa ba tare da shi ba. Wannan dangantaka cikakkiya ce a yadda take, kuma rage mata daraja ne a ɗauke ta a matsayin share fagen wani abu. Samari suna buƙatar ganin cewa namiji na iya yin kuka a kafaɗar amininsa ba tare da an yi masa fassara ba.

A nan ne batun ya shafi mai karatu na gida. Matsayin addini a kan neman jinsi sananne ne ga Musulmi da Kirista na wannan yanki, kuma a Najeriya akwai dokar da aka sa wa hannu a Janairun 2014. Ba wannan ne ke buƙatar bayani ba. Abin da ke buƙatar bayani shi ne cewa matasan da ke kallon zanen Japan a waya suna cin karo da abubuwa biyu masu kama da juna a ido: labarin asali, da kuma zanen magoya baya da ke yawo a shafukan sada zumunta da fuskokin jarumai iri ɗaya. Uban da ya ga hoto guda ya haramta wa ɗansa Slam Dunk ya raba shi da labarin da ya sa dubban yaran Asiya ɗaukar ƙwallon kwando, wanda mai zanensa ya kafa tallafin karatu a 2006 don tura 'yan wasan sakandare Amurka. Uban da ya ɗauka duk zane na yara ne, shi ma bai duba ba. Alamar BL ko yaoi, wani sunan nau'in, a kan labari tana faɗin abin da ke ciki, kuma sanin sunan mujallar da ta buga shi ya kan wadatar.

Ita kuwa ƙishirwar da ta haifi kantar, Japan ba ta gama kashe ta ba. Sai a 1996 aka yarda ɗaliba mace ta zauna a bencin 'yan wasa a Koshien a matsayin mai rubuta maki. A 2016, wata ɗaliba mai kula da ƙungiyar wata makaranta daga lardin Oita ta shiga fili da kayan wasa tana miƙa wa koci ƙwallo lokacin atisaye, jami'ai suka fitar da ita da hujjar tsaron lafiya. Surutun da ya biyo baya ya sa aka sassauta dokar a shekara mai zuwa, da sharaɗin hular kwano da iyakance inda za ta tsaya. A 23 ga Agusta, 2021, aka buga wasan ƙarshe na gasar besbol ta 'yan matan sakandare a Koshien karo na farko, Kobe Koryo Gakuen ta doke Kochi Chuo da ci 4-0. A ɓangaren zane ma abin na motsi: Chihayafuru na Suetsugu Yuki ya yi shekara 15, daga 2007 zuwa 2022, yana bin wata yarinya da ke farautar kambun wata yarinya a gasar katin waƙoƙi, kuma maza da mata suka saya. Gasar Agusta ta maza dai har yau ƙa'idarta ba ta bai wa ɗaliba damar buga wasa ba, ko da ta yi shekara uku tana atisaye tare da ƙungiyar.